Gurbin Dalma a Haƙorin Yaya Ilu

Shekara goma sha biyu ke nan da muka kai Yaya Ilu makwancinsa a Magariya. Ana tsakiyar girbin gero ne, har wasu daga cikin waɗanda suka yi masa salla da ƙaiƙayi a wuyansu suka taho daga gona. A tsawon waɗannan shekaru muryarsa ta soma ɓace mini, tafiyarsa ma sai na yi da gaske nake tuna ta. Abin da ya ƙi gushewa daga idona shi ne bakinsa. Akwai wani ɗan gurbi a haƙoransa na gefen hagu, inda waya da zaren dalma suka ci wuri saboda yawan riƙo, in ya yi dariya shi ake fara gani. Ni ƙanensa ne, ciki ɗaya. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya kai ni lakwal, makarantar boko, ya tsaya mini har na gama. Don haka duk wanda ya ji ina yi masa faɗa a wannan rubutu, ya sani faɗan wanda ya ci tuwonsa ne, kuma har yau bai huce da rashinsa ba.

Ilu Mai Liƙi ake ce masa daga Magariya har Dungas. Ga wanda bai san sana'ar ba, liƙi shi ne haɗa ƙananan kayan cikin rediyo ko salula da allon da suke zaune a kai. Ana ɗora ƙarfe mai zafi a mahaɗar, a taɓa zaren dalma ya narke, ɗigon ya daskare ya riƙe ƙafar abin, wuta kuma ta sami hanyar bi. Rumfarsa tana cikin kasuwar Magariya, amma ranar kasuwar Dungas ko ta Sassumbrum sai ya ɗaure akwatinsa a bayan moto, wato babur, ya tafi, da ɗan murhun gawayin da yake gasa ƙarfe a ciki. Ya fara da rediyo da kaset, ya ga zuwan bidiyo, ya ga zuwan salula. Dogo ne, maganarsa kaɗan. Ba ya karɓar aikin da ya san ba zai iya ba, ba ya kuma zare sabon abu daga rediyon mutum ya sa masa tsoho.

Aikin liƙi hannu uku yake so, Allah kuwa biyu ya ba ɗan Adam. Dama na riƙe da ƙarfe, hagu na riƙe da matsefata ta danne ɗan abin da za a liƙa, to dalmar fa? Yaya ya ba baki wannan aikin. Zai ciji zaren da haƙoran gefe, ya karkata kai, ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa allo, ya kai bakin zaren daidai inda yake so. Kafin ka ƙifta ido ɗigon ya zauna yana ƙyalli. Mutane kan taru don kallo kawai. Haka yake wuni tun hantsi har la'asar sakaliya. In ya cire dalma daga baki to goro zai sa, ko ya ɓallo ƙuli-ƙuli da yatsun da suka yi toka-toka. Alwala ce kaɗai wankin hannunsa.

A wancan lokaci dalmar kanti tsada gare ta, daga ƙetaren iyaka ake kawo ta, gauraye da kuza. Sai Yaya ya yi dabara. Yakan sayi mataccen batirin mota ya fasa, ya ciro dalmar ciki ya narka a wani tsohon kasko a bayan gida, ya haɗa da ta kanti don ta yi auki. Ya ja layuka da yatsa a cikin yashi, ya zuba narkakken ƙarfen, in ya huce ya ciro sanduna sirara. Da su yake manyan ayyuka, kawunan batir da tankin moto da bokitin ƙarfe. Ma'auninsa kuwa haƙori ne. In ya ciza haƙori ya nutse da yawa, dalmar batir ta yi rinjaye, a ƙara ta kanti. In ya ji tauri daidai, to ta yi. Ina yaro na sha tsayawa ina kallon wannan aiki ina jin babu wanda ya kai yayana wayo a duk ƙasar Damagaram.

Cizon har al'ada ya zama. Duk almajirin sana'ar da ya koya a hannunsa, ranar yaye Yaya yakan yanko masa zaren dalma tsawon taƙi, ya ce ya ciza a gaban mutane. In shatin haƙora ya fito, a yi addu'a, a raba goro, ya ce masa ya tafi ya buɗe rumfarsa, Allah ya sa albarka. Yau in ka zaga kasuwannin wannan yanki ka ga mai gyara da zare a gefen baki, kai a karkace, ba sai ka tambaya ba, ko a hannun Ilu ya koya, ko a hannun wanda ya koya a hannunsa. Suna alfahari da haka, mutane kuma sun fi amincewa da mai cizo.

Ciwon da ciki ya fara. Murɗa mai tsanani wadda takan naɗe shi a kan tabarma, ya yi kwanaki bai zaga ba. Aka ce shawara ce, aka ce basir ne, ya sha jiƙo da kanwa iri-iri. Sai mutumin da ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba ya zama mai saurin fushi, abu kaɗan ya hau yara da faɗa, daga baya ya zauna yana mamakin kansa. Wani layi mai shuɗi-shuɗi ya fito a dasashinsa, muka ɗauka goro ne. Daga nan hannun dama ya soma sanyi. Wata rana a kasuwar Dungas ya ɗauki ƙarfe daga murhu, wuyan hannun ya lanƙwashe ƙasa ya ƙi tashi, ƙarfen ya faɗi a kan cinyarsa ya ƙona wando. Wanda ya ga abin ya ce mini Yaya bai ko dubi ƙunar ba, hannun ya tsura wa ido. Daga ranar bai sake liƙi ba.

Da ƙafafu suka kumbura muka kai shi babban gidan likita a Damagaram, ni da ɗansa Sabi'u, wanda a lokacin saurayi ne gemu bai gama fito masa ba. Lokotoro, wato likitan, ya ɗaga leɓen Yaya ya duba, ya dubi hannun, ya tambayi sana'arsa. Bayan gwajin jini ya kira mu gefe ya ce dalma ce. Ya ce hayaƙin liƙi ƙirji yake wahalarwa, amma abin da ya kwantar da wannan bawan Allah ta baki ya shiga, da kuma tururin kasko. Dalma in ta shiga jiki ba ta gaggawar fita, ƙashi take samu ta kwanta, tana cin jijiya da ƙoda a hankali, kuma ƙodar Yaya ta riga ta gama. Sai ya tambaya ko akwai ƙananan yara a gidan. Ya ce su ta fi yi wa ɓarna, don abin da babba zai ɗauka shekaru yana yawo da shi, kaɗan daga cikinsa ya isa ya riƙe wa yaro harshe da fahimta. Sabi'u yana tsaye riƙe da kwanon abinci, ya ji komai da kunnensa. Muka dawo da Yaya gida, bai kai ƙarshen girbi ba.

Amma gida ba a karɓi maganar lokotoro ba. Matarsa Rabi, uwar Sabi'u, ta ce sammu ne, kuma ba zan ce hujjarta ba ta da kan gado ba. Wace irin cuta ce, in ji ta, za ta tsallake dukkan jikin mutum ta je ta zaɓi hannun da yake ci da shi? Ai wannan aikin mai hassada ne, kuma kasuwa cike take da su. Ga shi dalma ba ɗaci, ba wari, shekara da shekaru yana cizonta bai ko yi amai ba. Na yi bayani har na gaji. Aka ce ɗan lakwal ne, komai sai ya jingina wa abin da Nasara ya faɗa. Ruwa ba ya tsami banza, kowa ya yarda da wannan, sai dai kowa da inda ya ga tsamin ya fito. Sabi'u ya gaji rumfa da akwati da ƙarfe, ya kuma gaji maganar uwarsa.

Ni sana'ata sayar da farantan sola da fitilunsu ce, ina kafa wa mutane a ƙauyuka. Shekarun baya kamfanin da nake sarin kaya a hannunsa ya kwashe mu, mu 'yan kaɗan, zuwa wani birni na bakin teku don mu ga inda ake harhaɗa fitilun. Na shiga ina sauraron warin da na sani tun ina yaro, ban ji shi ba. A wani sashe na ga mata sanye da fararen riguna da safar hannu, gabansu na'ura tana ɗiga wani abu mai ruwan toka daga sirinji a kan allo, ɗigo-ɗigo, ƙanana kamar ƙwayar gero. Na tambaya aka ce gam ne, abin da muke ce wa kol. Ba irin na liƙa takalmi ba ne. An cika shi da garin azurfa mai laushi ƙwarai, in ya bushe ƙwayoyin azurfar su matsu da juna, wuta ta bi ta cikinsu kamar yadda take bin dalma. Ana ɗora ƙananan kayan a kai, a tura allon cikin wata tanda mai zafi daidai gwargwado, ya fito a liƙe. Suka ce ana amfani da shi a inda zafin ƙarfe zai lalata abu, kuma babu dalma ko kaɗan a cikinsa. Inda har yanzu suke narka ƙarfe ma, kuza ce da ɗan jan ƙarfe da azurfa, sun daɗe da sallamar dalma. Na tsaya ina kallon bakin matan nan, a rufe da ƙyalle, babu komai a haƙoransu. Sai da na fita waje na share ido.

Na sha tambayar kaina me Yaya zai ce da ya ga wannan. Na san da farko dariya zai yi, har gurbin nan ya fito, ya ce yanzu rediyo ma ya koma takalmi. Na san kuma zai lakato shi da yatsa ya shinshina, in ba a riƙe shi ba ya ɗanɗana. Daga nan zai yi tambayoyinsa na kullum. In ya lalace ana iya ɓare shi a sake? Kuma har yaushe mai kaya zai jira? Ni ban yi waɗannan tambayoyi ba. Murna ta hana ni. Na roƙi alfarma aka ba ni sirinji ɗaya, na taho da shi a cikin kular ƙanƙara don an ce ba ya son zafi, ina jin na samo abin da zai cire zare daga bakin Sabi'u.

Ranar kasuwar Dungas muka gwada. Wani dattijo makiyayi ya kawo fitilar sola wadda waya ta tsinke a allonta, ya ce da ƙafa ya zo, yana so ya koma kafin rana ta faɗi don dabbobi. Sabi'u ya ɗiga gam ɗin yadda na nuna masa, ya ɗora wayar. Ba mu da tanda, amma na ce ai zafin ranar Dungas ya isa tanda, muka ɗora allon a kan kwanon rumfa. Aka yi azahar, gam yana nan danƙo. Dattijo ya je ya sayi kanwa da gishiri ya dawo, yana nan danƙo. Aka kira la'asar, 'yan kabu-kabu suka fara kwasar mutane, dattijo ya tsuguna a gaban rumfa, sai kallon rana yake yi. Sabi'u ya dube ni sau ɗaya. Ya sauko da allon, ya kankare gam ɗin da reza, ya ciji zare, ya karkata kai. Kafin dattijo ya gama gyara rawaninsa fitila ta kama. Ragowar gam ɗin na ba mai sayar da ruwan sanyi ajiya a firigonsa, wuta ta yi ta ɗaukewa yadda ta saba, da na koma ɗauka ya daskare a cikin sirinji kamar dutse.

Wannan ya koya mini cewa abin nan ba don rumfar kasuwa aka yi shi ba. Yana so a ajiye shi cikin sanyi, a gasa shi da zafin da aka auna, a kuma ba shi lokaci, mu kuwa ba mu da ko ɗaya. Azurfa ce kuma, ba kowane gyara ne zai biya kuɗinta ba. Amma duk da haka ya iso mu, ta bayan gida. Gilashin salular da ke aljihunka da irin wannan gam aka haɗa shi da igiyarsa, wani siririn fallen gam mai ƙwayoyin da ido ba ya gani, wanda na'ura take dannawa da zafi. In ya saki, ƙarfen Sabi'u ba shi da abin yi, sai dai a canza gilashin ɗungurungum ko a jefar. Akwai buhu guda na matattun salula a ƙarƙashin teburinsa. Yaya da ba ya iya jefar da ko dunƙulen waya, da ya ga buhun nan ba zai yi barci ba. Zamani riga ne, an ce, amma mu guntun hannun rigar ya iso mu. Waɗanda suka ƙera kayan sun tsare bakin ma'aikatansu, mu kuwa zaren dalma yana nan a kasuwa, ya ma fi na da araha. Alherin arahar ɗaya ne, ta sa Sabi'u ya daina fasa batir, kasko ya koma ɗakin uwarsa ya zama abin tunawa.

Da gam ya ƙi, sai na koma kan ƙaramin abu. Na sa maƙeri ya lanƙwasa mini ƙarfe, na ɗaura maƙalar shanyar tufafi a kansa, ya zama mariƙi mai danne abin da za a liƙa, hagu ta sami sukunin riƙe dalma. Abu ne da ba ya cin komai. Na kai wa Sabi'u, ya juya shi a hannu cikin ladabi ya ajiye a akwati.

"Baffa, mutane in sun zo bakina suke kallo," in ji shi. "In suka ga na kafa wannan, cewa za su yi ɗan Ilu bai iya ba."

Na ce masa, "Ubanka ya iya, ina yake?"

"Inna ta ce ba dalma ba ce."

"Kai kana wurin, ka ji abin da lokotoro ya ce."

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Kowa da ajalinsa, Baffa."

Na san kowa da ajalinsa, ban kuwa taɓa jin an ce don haka mutum ya kwana a kan titi ba. Na yi fushi ranar, na daɗe ban leƙa rumfar ba. Da na koma na tarar da kanwa jiƙe a kofi kusa da murhu, ya ce ciki ne ke ɗan damunsa. Tun daga nan duk sanda ya yi dariya ba dariyar nake gani ba, dasashinsa nake leƙe. Na ce mu je a gwada jini, ya ce sai bayan damina. Damina ta wuce ya ce sai bayan girbi. Ina kallon ɗan yayana yana bin sawun ubansa taki-taki, kuma ba ni da igiyar da zan ɗaure magidanci da ita.

Sabi'u yana zaune a gidan ubansa da matarsa Mariyama da ɗansu na fari. Sunan Yaya aka sa wa yaron, Iliyasu, don haka Abba ake kiransa. Kyakkyawan yaro ne mai manyan idanu, sai dai ya kai shekara uku bai haɗa kalma biyu ba. Sa'o'insa suna ta surutu, shi sai nuni da yatsa, in ba a gane ba ya faɗi ƙasa yana birgima. Kakarsa takan ce ai mai suna ne, nauyin baki ya ɗauko, shi ma marigayin ba mai magana ba ne.

Kowace shekara in girbi ya zo Rabi takan yi waina a raba sadaka, waɗanda suka koyi sana'a a hannun Yaya su taru a zaure da safe a yi masa addu'a. Bara muna zaune bayan an shafa fatiha, sai ga Abba ya fito daga bayan akwatin aikin ubansa. Tsinke a hannun dama, kara a hannun hagu, zaren dalma a gefen baki. Ya tsuguna gaban wani murfin kwano, ya karkata kai, ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa murfin. Wallahi ko ni da na san Yaya fiye da kowa a wurin, sai da na sake dubawa don kamannin sun yi yawa. Zaure ya ɗauki dariya. Babban almajirin Yaya, wanda yanzu furfura ta fito masa, ya ce mai suna ya dawo, kyan ɗa ya gaji ubansa. Rabi ta leƙo daga ƙofar cikin gida tana share hawaye da gefen mayafi, hawayen daɗi. Mariyama kuwa, daga bayanta, cikin murna da rashin sani ta ce, "Ai kullum haka yake yi. Da shi ma ya fitar da haƙora, in yana kuka shi nake ba shi ya yi shiru."

Na buɗe baki zan yi magana, sai na ga ba sai na yi ba. Sabi'u bai yi dariya ba. Fuskarsa ta koma irin wadda na gani shekarun baya a Damagaram, ranar da yake riƙe da kwanon abinci. Ya tashi, ya durƙusa gaban yaron, ya sa yatsa a bakinsa ya zaro zaren. Abba ya fasa kuka. Zaren ya taunu, duk jikinsa shatin ƙananan haƙora, wani wurin ya gutsure. Sabi'u ya daɗe yana kallonsa a tafin hannu. Sannan ba tare da ya ɗago ba ya ce, "Baffa, da sassafe motar Damagaram take tashi ko?"

Gwaji ya nuna dalma a jinin su biyun, na yaron kuma shi ya fi tayar wa ma'aikatan hankali. Aka ba su magani, aka ce a raba yaron da duk inda dalma take. Muka kwashe akwatin aiki daga gida. Muka haƙe yashin bayan gida inda Yaya yake zuba sandunansa, wurin da Abba yake wasa kullum, muna haƙa muna tsintar ɗigon dalma da ya shekara fiye da goma a kwance bai ko canza ba. Rabi ba ta ce ta janye maganar sammu ba, ni ma ban nemi ta ce ba. Amma ana cikin haƙar ta fito da kaskon nan daga ɗakinta ta ajiye a kan tarin yashin da za a kwashe, ta koma ciki. Na tambayi lokotoro ko harshen yaron zai saki. Ya ce za a iya tsayar da ɓarnar, amma abin da ya riga ya taɓu ba shi da alkawarin da zai yi mini a kai.

Yau mariƙin nan yana kafe da ƙusa a teburin Sabi'u, da sabulu da buta a gefe. Wasu abokan ciniki sun koma wurin masu cizo, yadda ya faɗa, bai kuwa yi ƙarya ba. Ciwon cikinsa ya yi sauƙi. Daga cikin almajiran Yaya da suka ga abin da ya faru a zaure, biyu sun zo sun ga mariƙin sun sa an yi musu. Sauran suna nan da zare a baki, a Magariya da Dungas da Sassumbrum, kuma yawancinsu suna da yara masu rarrafe. Dominsu na yi wannan rubutu. Gam mai azurfa ba zai zo ya cece mu ba, an yi shi ne don ɗakuna masu sanyi da tanda mai ma'auni. Abin da ke hannunmu ƙarfen maƙeri ne da maƙalar shanya da sabulu, da hana akwatin aiki kwana inda yara suke. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Me ya rage na Yaya Ilu bayan shekara goma sha biyu? Akwai rediyoyin da ya liƙa da har yanzu suke magana a ƙauyuka, na sha buɗe su in gane ɗigonsa, sumul, ba ƙari ba ragi. Akwai gidaje da dama da ake ɗora tukunya da sana'ar da ya koyar kyauta. Akwai sunansa, wanda ban taɓa jin an haɗa shi da ha'inci ba. Akwai ni, da ba don shi ba da ban iya rubuta ko sunana ba. Duk wannan nasa ne, Allah ya kai masa ladan kabarinsa. Amma cizon ma nasa ne. Bai san guba yake rabawa ba ranar da yake yanka zare yana sa albarka, kuma na tabbata da ya ga abin da na gani a zauren nan, da hannunsa mai rai zai bi rumfa-rumfa yana zare dalma daga bakin yaransa. Ina ƙaunarsa, ina kuma jin haushinsa, ban ga ranar da ɗaya zai kori ɗaya ba.

Zaren da aka zaro daga bakin Abba yana rataye a rumfar Sabi'u, sama da mariƙin, inda hannun yaro ba ya kaiwa. Wanda ya tambaya me ya sa ɗan Ilu ba ya cizo, shi ake nuna masa. Bana an sake yin waina, an sake yin addu'a, ba wanda ya yi dariya. Abba ya shiga shekara ta biyar. Yana cewa ruwa, yana cewa Inna. Kullum da yamma in Sabi'u ya dawo daga kasuwa yakan wanke hannu har gwiwa, ya canza riga, ya durƙusa gabansa ya nuna ƙirjinsa ya ce, "Wane ne wannan?" Yaron yakan dube shi da manyan idanun nan ya yi murmushi. Har yanzu muna jira ya ce Baba.